Bizar umara da alkawarin aikin gida a Makka: ku ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka taɓa zaman Saudiyya, don a nan gida kowa abin da ya ji a bakin wani yake faɗa. Aurena ya mutu, yara biyu suna hannuna, ubansu sai ya ga dama yake aiko da wani abu. Ina da NCE, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, albashin ba ya kai mu tsakiyar wata. Wata hajiya a unguwarmu ta ce za ta fitar da ni da bizar umara, in na sauka akwai mutanenta da za su karɓe ni su sama mini aikin gida a Makka, riyal 1,200 duk wata, ci da kwana a gidan. Ita za ta biya jirgi da biza, ni kuma in riƙa biyanta daga albashi. Ta ce fasfona zai zauna a hannun mutanenta har in gama biya. Mahaifiyata ta yarda za ta riƙe yaran. Wallahi na rasa wanda zan kama.

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki bi wannan hanyar. Ita na bi, kuma ta tarhil na dawo, wato kamo ni aka yi aka koro ni gida. Bizar umara ta ibada ce, ba ta halatta miki aiki ko na yini guda ba, kuma ranar da wa'adinta ya cika kin zama marar takarda. Daga nan rayuwarki gaba ɗaya ta koma ɓoye. Ba ki da igama, wato katin izinin zama a ƙasar, saboda haka ba layin waya da sunanki, ba asusun banki, ba ki isa ki kama ɗaki da kanki ba. In ciwo ya kama ki sai dai a sayo miki magani a kanti, don tsoron zuwa asibiti kike yi. In uwar ɗakinki ta riƙe miki kuɗin wata uku, wurin wa za ki kai ƙara? Kina sa ƙafa a ofishin 'yan sanda ke za a fara riƙewa. Masu gidan sun san haka sarai, shi ya sa wasunsu suka fi son marar takarda.

Hajiya Iya (Makka):
Ummu Sultan, ki faɗi abin da ya same ki, amma kada ki rufe wa yarinya ƙofar arziki. Na daɗe a garin nan. Matan da suka shigo da umara suka zauna na san su da yawa a unguwar Shara Mansur ta nan Makka, wasu aikin gida, wasu tuwo da miyar kuka suke sayar wa alhazai, wasu kitso da lalle. Da wannan gumin suka gina gidaje a Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, suka aurar da 'ya'ya da kayan ɗaki na mutunci, suka biya wa iyayensu Hajji. Wa ya ba su aiki a gida lokacin da suke nema? Ga Ka'aba kuma a kusa da mutum, salla ɗaya a Harami ta fi salla dubu ɗari a wani wuri. 'Yata, in kina da haƙuri da kama kai, Allah ba zai kunyata ki ba.

Ummu Sultan:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba musu nake yi da ke ba, duk abin da kika lissafa ya faru. Amma zamanin da aka yi wannan arzikin ya wuce. A da ana kama mace a mayar da ita Kano, ta sake fasfo da wani suna ta dawo kafin azumi. Yanzu tun a filin jirgi ake ɗaukar basma, yatsunki goma da hotonki suna cikin kwamfuta, in aka kore ki an rufe miki ƙofa na shekaru, ko da wane suna kika dawo. Tun 2017 da suka ba da wa'adin kwana 90 marasa takarda su fita ba tara, samamen bai tsaya ba. Kuma ina Karantina take yau? Ina Gulel? Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwannin Jidda da mutanenmu ke fakewa, kowa ya watse, kuɗin haya ya tashi.

Ni a bakin titi aka ɗauke ni, na fito daga gidan aiki da ledar sauran abinci a hannu. Abayar da ke jikina da silifas, su ke nan na shiga Shumaisi da su, wurin tsare waɗanda za a kora, can tsakanin Makka da Jidda. Ɗaki babba, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, fitila a kunne dare da rana, sanyin na'ura har cikin ƙashi, mata da jarirai, Habashawa da 'yan Indunusiya da mu. Akwatuna biyu da na tara na atamfa da zinaren 'yata suna ɗakin da muke haya, har yau ban san hannun da suka faɗa ba. Kun tuna a farkon 2021 da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga wuraren tsarewa na Saudiyya aka sauke su a Abuja? Kowacce a cikinsu da irin wannan alkawarin ta bar gida.

Hajiya Iya (Makka):
Ƙaddara ce, 'yata. Wanda ke zaune a Kano ma ɓarawo na shiga ɗakinsa.

Anti Nas (Riyad):
Hajiya, a yi mini afuwa, ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Maman Ilham, bari in ɗan tsawaita, don ina ganin mutane suna cewa "zaman Saudiyya" sai ka ce abu ɗaya ne. Mu matan da ke aiki a nan, takardar da kowacce ta shigo da ita ce ke yanke irin rayuwar da za ta yi.

Akwai irinmu, ma'aikatan asibiti da malaman jami'a da na kamfanoni, da dokar ƙwadago ta ƙasar ta shafa. Tun ranar 14 ga Maris 2021 aka sassauta mana tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga kafili, wato mai aikin da ya kawo shi: bayan shekara guda mutum na iya sauya wurin aiki ba sai kafili ya yarda ba, kuma yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher. Akwai masu aikin gida da suka shigo da bizar aiki, suna da igama, suna da kwantiragi, amma wancan sassaucin na 2021 bai haɗa da su ba, dokarsu daban ce kuma ta fi rauni. Sai kuma marasa takarda, waɗanda ba su da komai sai rahamar Allah da halin mai gida. Hajiyar unguwarku a wannan sahu na ƙarshe take son saka ki, da bashi a wuyanki, fasfonki kuma a aljihun wanda ba ki taɓa gani ba. A dokar Saudiyya ko kafilin da ya kawo ki da bizar aiki ba shi da ikon riƙe fasfonki, balle wani ɗan kama-wuri-zauna. Abin da ta zayyana miki shi ne ainihin abin da NAPTIP, hukumar Najeriya mai yaƙi da fataucin bil'adama, ke kira safarar mutane, ko da ita tana ganin taimako take yi.

Kada kuma ki ɗauka mu da ke sahun farko a aljanna muke. Kafin in zo sai da kamfanin DataFlow ya tantance takarduna tun daga makarantar da na yi, na rubuta jarrabawar neman lasisi ta Prometric, hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta Saudiyya ta ba ni lasisi. Ina da masauki na asibiti, mota na ɗaukarmu ta dawo da mu, albashi ba ya latti kuma ba a cire harajin albashi. Alhamdulillahi. Amma aikin awa 12 ne a tsaye, kuma albashin fasfo yake bi: aiki ɗaya, ɗaki ɗaya, wadda ta zo da fasfon Ingila ko Amurka ta ninka ki. Akwai majinyacin da zai dube ki ya ce a kira masa wata nas, ke kin san dalili, shi ma ya sani. Akwai kuma tsohuwar da za ta riƙe hannunki tana yi miki addu'a har ki ji hawaye. Duka biyun na gani a mako ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Duk wanda kika kawo a ƙarƙashin igamarki sai kin biya masa riyal 400 kowane wata, tun 2020 haka kuɗin yake, ga kuɗin makaranta, ga harajin kaya kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da kika saya. Lissafin bai fita ba, nawa suna Kaduna wurin babansu. Ta waya nake duba aikin gida na makaranta.

Maman Ilham:
Anti, na gode ƙwarai. To da NCE ɗina ba zan samu koyarwa a can ba?

Anti Nas (Riyad):
Gaskiya da wuya. Makarantun gwamnati 'yan ƙasa ne ke koyarwa, masu zaman kansu kuma digiri suke nema da gogewa, kuma ana ta ƙara ware guraben aiki ga 'yan ƙasa.

Shagala a Buraida:
Salam. Ni ina cikin sahu na biyu da Anti ta faɗa, yanzu haka daga ɗakina na bayan kicin nake rubutu. Da bizar aikin gida na zo, ina da igama, albashina riyal 900. 'Yar Filifin da ke aiki a gidan ƙanwar madam 1,500 take karɓa, don gwamnatinsu ta tsaya musu a kan mafi ƙarancin albashi.

A takarda muna da haƙƙi. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce kada aiki ya wuce awa 10 a rana, a ba mu hutun yini guda a mako, hutun wata guda da albashi bayan shekara biyu, hutun ciwo har kwana 30, kuma ba a ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba. Albashi ma yanzu ta Musaned, tsarin gwamnati na intanet na masu aikin gida, ake so a riƙa tura shi, ya bar shaida, ba a miƙa a hannu ba. Wannan na albashin ya taimaka sosai, don da can sai madam ta ce ta ba ki, ke ki ce ba ta ba ki ba, ba mai raba ku.

Amma ba wani jami'i da ke shiga cikin gida ya ƙirga awanninki. Gidan da na fara zama hawa uku ne, mutum goma sha wani abu, ni kaɗai. Da azumi kuwa sai wanda ya gani. Bayan la'asar ana naɗe sambusa ana dama shurba, a sha ruwa, a wanke kwanuka, baƙi su zo bayan tarawihi a yi ta zuba gahawa da dabino, a ɗora kabsa ta sahur, a sake wanke-wanke, kina kwanciya gari ya waye, yaran da ba sa azumi kuma sun tashi suna neman karin kumallo. Hannuna har ya tsattsage saboda sinadarin wanke banɗaki. Wayata a ɗakin madam take kwana, ranar Juma'a kawai ake ba ni. Da na ce ba zan iya ba, sai aka ce za a rubuta mini hurub, wato a shaida wa hukuma na gudu, in koma marar takarda ina cikin gidan. Allah ya taimake ni ofishin da ya kawo ni ya shiga tsakani aka mayar da ni wannan gidan. Nan mutum huɗu ne, madam malamar makaranta ce, tare muke cin abinci, ta kai ni umara da motarta, ita ke tuƙi.

Abin da nake so ki gane, Maman Ilham, ni da ke da igama da ofishi da lambar ma'aikatar ƙwadago 19911 da zan iya kira, sai da na sha wannan. Ke da ba za ki samu ko ɗaya ba fa? Riyal 1,200 ɗin da ta faɗa miki zai iya zama gaskiya, marasa takarda sukan karɓi fiye da mu don mai gida bai kashe kuɗin ɗauko su ba. Amma a ciki za ki biya bashi, ki biya ɗakin da za ki riƙa kwana, ki biya mai kai ki gidan aiki a ɓoye.

Abban Huda:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma na ga ba wanda ya taɓo asalinta. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mace ba ta tafiya sai da muharrami. Ga kuma zama a gidan wani namiji da ba muharraminta ba, da samarin 'ya'yansa, a ƙasar da ba ta da kowa. Sannan a ce za a yi umara alhali aiki aka nufa, an fara da ƙarya ke nan a ƙofar ɗakin Allah. 'Yar uwa, ki yi haƙuri ki zauna, Allah zai kawo miji nagari.

Maman Walid:
Malam, ba mai jayayya da hadisi. Amma muharramin nata yana ina lokacin da ake koro yaran daga makaranta saboda kuɗin zango? Wanda ya sake ta ya bar mata 'ya'ya biyu, shi ba a karanta masa ayar ciyarwa? Kullum in mace ta tashi neman abin da za ta rufa wa kanta asiri sai a tuna da muharrami, in tana kwana da yunwa ba mai tunawa shi muharraminta ne. Ku je filin jirgin Malam Aminu Kano ku duba masu tafiyar nan, da yawa cikinsu zawarawa ne da waɗanda mazansu suka rasu. Ba yawon buɗe ido ya fitar da su ba.

Abban Huda:
Hajiya, maganarki a kan mazan da ke watsar da 'ya'yansu gaskiya ce, kuma kotun shari'a na tilasta uba ya ciyar in an kai ƙara. Ina ba Maman Ilham shawara ta kai. Amma laifin wani ba ya halatta wa wani abin da aka hana.

Anti Nas (Riyad):
Malam, maganar ƙarya a biza na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ta muharrami kuwa malamai sun yi saɓani a kan tafiya cikin amintacciyar tawaga, kai ka fi ni sani. Ita kanta Saudiyya a 2012 ta tsare matan Najeriya kusan dubu a filin jirgi lokacin Hajji saboda ba su da muharrami, har aka dakatar da jigila na ɗan lokaci. Yau ita ce ta ba mace damar zuwa Hajji da umara ba tare da shi ba. Tun Yunin 2018 mata ke tuƙi, ni kuma tun da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin Riyad a Disambar 2024 shi nake hawa in je kasuwar Batha ni kaɗai, ba wanda ya taɓa tare ni. Tsaron da nake da shi a titin Riyad da dare ban da shi a hanyar Kaduna zuwa Abuja da rana. Hatsarin yana cikin gidan da aka kulle ƙofa ne, inda ba mai jin muryarki, kuma a nan damuwarka ta zama da maza tana da tushe. Na karɓi 'yan aikin gida a asibiti da ba zan iya faɗin abin da aka yi musu a nan ba.

Abban Huda:
To ai kin ƙarfafa maganata ne, Anti. Ni dai ban sauya ra'ayi ba, amma na ji daɗin yadda kika yi bayani.

Bilki ta Damagaram:
Mu a Nijar mun san wannan ciwon ta wata fuska. Matan Kance da Matamaye Aljeriya suke nufa da yara, ta Agadas da Arlit, wasu bara wasu aikatau. A Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a sahara kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, galibinsu mata da ƙananan yara. Har yau ana tafiya, har yau ana koro su a manyan motoci a zube a Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyakar Aljeriya. Kuma kullum wata hajiya ce a gari da ta je ta dawo da zinare a wuya take tara su. Ba baƙo ne ke zuwa ya yaudare mu ba, tamu ce, wadda muke gaisawa da ita a gidan biki.

Malama a Doha:
Bilki ta faɗi wata gaskiya. In ƙara da cewa ƙasashen Larabawa ba ɗaya ba ne. A nan Katar tun Maris 2021 akwai mafi ƙarancin albashi na riyal ɗin Katar 1,000, da 500 na masauki da 300 na abinci in mai aiki bai ba da su ba, kuma ya shafi har masu aikin gida. An kuma soke takardar izinin kafili kafin sauya aiki tun 2020. Duk da haka ana samun masu danne haƙƙi. A ƙasar Labanan kuwa kun tuna 2020 da wani ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook yana tallanta dala 1,000. Wasu ejan suna cewa Dubai za su kai ki, ki farka a Oman ko Iraki.

Duk wadda za ta fita aiki, ko ina ne, ta tambayi ejan lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ta ga bizar da idonta ta tabbatar ta aiki ce, ta karanta kwantiragin ko a karanta mata kafin ta sa hannu, ta bar kwafin komai a gida. Kuma don Allah kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ƙullin yaji ne. Akwai wata ɗaliba 'yar Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018, wasu ne suka liƙa sunanta a jakar ƙwaya ba ta sani ba, sai a Afrilun 2019 aka sako ta bayan gwamnati ta sa baki. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Wadda wani ya biya wa jirgi kuwa da wuya ta iya cewa a'a in ya miƙo mata jaka.

Hajiya Iya (Makka):
Na ji duk abin da kuka ce. Maganar fasfo kam ina tare da ku, 'yata kada ki ba kowa fasfonki, ni ma ban san da wannan sharaɗin a zamaninmu ba. Amma ku da ke da takardun boko kuna magana ne da cikakken ciki. Bizar aikin da kuke cewa, nawa ake kashewa kafin a same ta, kuma mace nawa ke samu? A 2025 riyal ɗaya ya kai wajen naira 400. Ko riyal 500 yarinyar nan ta tura gida a wata, ku lissafa, wace makarantar kuɗi ce a Kano za ta ba mai NCE haka?

Ummu Sultan:
Hajiya, lissafin daidai ne, saura a tambayi inda kuɗin ke shiga. Ni duk wata ina turawa ta hannun masu canji, tunda ba ni da banki, wai ana saya mini fili ana ɗora bulo. Ana turo mini hoton gini. Da na dawo na tarar ginin na maƙwabci ne. Ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, aka taru aka ce in yafe don zumunci. A unguwa kuma sunana ya koma 'yar tikari, mai neman aure ya zo sai a ja shi gefe a ce ka san fa Jidda ta zauna. 'Yata da na bari tana rarrafe na same ta tana kiran ƙanwata Umma, ni kuma tana ce mini Anti.

Akwai kuma waɗanda suka yi aure a can tsakanin marasa takarda suka haihu. Saudiyya ba ta ba da ɗan ƙasa don an haife ka a cikinta, ta uba ake bi. Yaro ya tashi ba takardar haihuwa, ba makarantar gwamnati, Larabci a bakinsa, ranar da aka kama shi a sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba. Mun zo da irinsu a jirgi ɗaya, wani saurayi yana ta tambayata wace mota ake hawa zuwa unguwar kakansa, sunan unguwar kawai ya sani.

Maman Walid:
Innalillahi. Allah ya saka miki, Ummu Sultan. Duk mai tafiya ta buɗe asusu da sunanta tun kafin ta tashi, abin da za a ci a gida daban, abin da take tarawa daban.

Maman Ilham:
Na je wurin hajiyar jiya da daddare. Na ce mata ina so, amma da bizar aiki, kuma fasfona a hannuna. Ta ce ita ba ta yin wannan, kuma in ba na so akwai mata biyar a layi. Ta ƙara da cewa wa ya zuga ni. Na ce ba kowa, tambaya na yi. Mahaifiyata ba ta ji daɗi ba, don ta riga ta sa rai, har ta fara maganar gyaran rufin ɗaki kafin damina. Ban ce na fasa fita ba, Hajiya Iya, lissafinki yana raina. Ta wannan hanyar ce dai ba zan bi ba. Malam, maganar kotu ma na karɓa, yayana zai raka ni. Anti Nas, in na koma makarantar koyon aikin jinya yanzu, ina da rabo ko na makara?

Anti Nas (Riyad):
Ba ki makara ba, amma hanya ce mai tsawo, gara ki sani tun yanzu. Karatun shekara uku ne aƙalla, ki samu lasisin hukumar nas-nas da ungozoma ta Najeriya, ki yi aiki a asibiti ki tara gogewa, don masu ɗauka a nan suna tambayar shekarun aiki, kuma mai digiri ta fi samun matsayi da albashi. Ko ba ki fita ba, aikin zai riƙe ki a gida fiye da wanda kike yi. Ki fara koyon Larabcin magana tun yanzu, na Islamiyya zai taimaka amma ba shi ake yi a bakin gadon majinyaci ba. Ki yi mini magana ta gefe in turo miki tsarin jarrabawar.

Yaya Asabe:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Ƙanwata ta tafi ta irin wannan hanyar bara, tana Jidda. Da tana kira duk Juma'a, yanzu tun bayan Babbar Salla wayarta a kashe. Matar da ta kai ta ta ce ta gudu daga gidan aikin, ita ba ruwanta. Me za mu yi?

Ummu Sultan:
Yaya, kada ku zauna jira. Ku tattara duk abin da kuke da shi: kwafin fasfonta, hotonta, lambar da take kira da ita, ranar da ta tashi, saƙonnin murya, da duk shaidar kuɗin da ya shiga tsakaninku da matar. Ku kai ofishin NAPTIP na Kano ku shigar da ƙara da sunan matar, don ita ta san mutanen da suka karɓe ta, kuma in hukuma ta kira ta bakinta zai buɗe. Ku rubuta wa hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, su ne ke shiga Shumaisi suna tantance 'yan Najeriya suna ba su takardar dawowa. Yana yiwuwa tana can, don ana karɓe waya in an kama mutum, ni ma gida ba su ji ɗuriyata ba sai da na kusa tasowa. Hajiya Iya, ke da kika san mutane a Makka da Jidda, a taimaka a cigita.

Hajiya Iya (Makka):
Asabe, turo mini hotonta da sunan da ake kiranta da shi ta gefe, kada ki sa a nan. Akwai masu kai abinci gidajen haya na matanmu a Jidda, gobe bayan azahar zan kira su.